Daga Ahijo Zuwa Ciroma: Samarin Garuwa Da Akwatin Zaɓe



Ranar Lahadi 12 ga Oktoba 2025, da hantsi, muka raka dattijon da muke yi wa magatakarda zuwa makarantar da aka kafa rumfar zaɓen unguwarmu. Abin da muka saba gani a irin wannan rana shi ne layin tsofaffi da mata, samari kuwa suna can gindin darbejiya bisa baburansu suna jiran fasinja, kamar abin da ake yi bai shafe su ba. A wannan karon sai muka tarar samari ne suka cika harabar. Ga 'yan acaba, ga masu gyaran waya, ga yaran shago, ga ɗalibai, ga 'yammata da hijabansu, kowa riƙe da katinsa. Da aka rufe zaɓe ƙarfe 6 na yamma ba su watse ba. Suka yi cincirindo a tagogin azuzuwa, ana ɗaga takarda suna ƙirgawa da babbar murya, ana gama rubuta adadi a allo suka ɗaga wayoyi suka ɗauki hoto.

A hanyarmu ta komawa gida dattijo ya dube mu ya ce, "Malam, waɗannan yara wa ya turo su?" Muka ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda ya turo su." Bai sake cewa komai ba har muka isa zaure. Mun gane abin da ya ɗaure masa kai. A tsawon rayuwarsa, mutum ba ya zuwa zaɓe sai an turo shi, ko fada ta turo, ko uwar jam'iyya, ko maigida. Wannan tambaya tasa ce ta sa muka waiwaya baya, domin mu ga ko abin da muka gani sabo ne a garin nan, ko kuwa tsohon abu ne ya dawo.

Bari mu fara da kanmu. Kakanninmu sun shigo ƙasar Fombina cikin ayari, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a 1809. Fatake ne masu tufa da kanwa da goro da hauren giwa, tare da su akwai malamai da mahauta da marina da maɗinka. Suka zauna a Garuwa da Ngaundere da Tibati da Banyo cikin amanar lamiɓɓe, daga baya 'ya'yansu suka gangara har Yawunde da Duwala. Sun shiga jikin ƙasar har sarautun fada suka ɗauki sunayenmu, ana cewa Galadima da Sarkin Fada da Sarkin Shanu, amma mulki bai taɓa zama a hannunsu ba. Wanda dukiyarsa ke kan hanya bisa jaki, ba abin da yake nema kamar lafiyar hanya da yardar mai gari. Jamus suka kama Garuwa a 1901, dattawanmu suka bi. Sojojin Ingila da Faransa suka karɓe garin a 1915, aka bar wa Faransa, dattawanmu suka bi. Siyasar da muka gada ke nan: a ji abin da fada ta ce, a isar wa jama'a a zaure, kowa ya koma kasuwarsa. Ba mu ɗauki wannan a matsayin tsoro ba. Dabara ce ta tsiraru, kuma ta tsare mana gidaje da masallatai da rumfunan kasuwa fiye da shekara ɗari.

Wanda ya fara karya wannan tsari a Garuwa saurayi ne. An haifi Ahmadu Ahijo a garin nan ranar 24 ga Agusta 1924, ba a gidan sarauta ba. Ya yi allo, ya yi boko har Yawunde, ya kama aikin gidan waya yana buga talgiram. A farkon 1947 aka zaɓe shi wakili a majalisar ƙasa ta farko da Faransa ta kafa, alhali bai cika shekara 23 ba. A lokacin zaɓe na 'yan ƙalilan ne, masu takarda da masu muƙami, kuma Turawa suna da akwatinsu daban. Kujerar da ke wakiltar arewa a majalisar Faransa ma wani mutum ne ɗan tsibirin Guadeloupe, Jules Ninine, yake kanta. Ahijo da tsararrakinsa 'yan boko, irin su Musa Yaya Sarkin Fada, suka haɗa kai cikin ƙungiyoyin zumunta na ƙasar Binuwai, manya a fada suna kallonsu a matsayin yara marasa kunya masu neman zama inda ba a shimfiɗa musu ba. A daidai wannan zamani ne samarin Kano suka kafa NEPU a watan Agusta 1950, maɗinka da ƙananan 'yan kasuwa suka bi Malam Aminu Kano, kuma labarinsu yana iso wa iyayenmu ta bakin fatake. Sai dai Ahijo bai bi hanyar NEPU ba. Da dokar Faransa ta 1956 ta ba kowane baligi, namiji da mace, damar jefa ƙuri'a, aka yi zaɓen 23 ga Disamba na wannan shekara, sai ya lura cewa talakan arewa bai san shi ba, lamiɗonsa ya sani. Maimakon ya yaƙi sarakuna sai ya jawo su. Ya zama firaminista ranar 18 ga Fabrairu 1958 yana da shekara 33, ya kafa jam'iyyar Union Camerounaise a nan Garuwa cikin wannan shekara, ya zama shugaban ƙasa a 1960 yana da shekara 35. Yau shekara 35 ita ce mafi ƙarancin abin da doka ta yarda mutum ya kai kafin ya nemi wannan kujera.

Akwai wani zaɓe da ba a yi shi a Garuwa ba amma ya taɓa kusan kowane gida a cikinmu. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 mutanen Mubi da Ganye da Gwoza da Dikwa, wato arewacin Kamarun Ingila, suka jefa ƙuri'ar raba gardama: ko Najeriya ko Kamaru. Mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ahijo bai yarda ba, ya kai ƙara kotun duniya, kotu ta ƙi yanke hukunci a 1963. Tun daga nan ƙanin mutum ya zama ɗan wata ƙasa, shi ya zama ɗan wata. Za mu dawo kan wannan iyaka, domin har yanzu tana bin 'ya'yanmu zuwa ofisoshi. Ita dai wannan rana ta 11 ga Fabrairu daga baya aka mai da ita Ranar Matasa, kuma duk wanda ya yi makaranta a cikinmu ya yi fareti a ranar cikin rana da ƙura, yana wuce rumfar manya.

Faretin nan shi ne rabon samari a siyasa har shekara ashirin da ɗoriya. Daga 1 ga Satumba 1966 jam'iyya ɗaya ta rage, UNC, tana da reshen mata da reshen matasa. Ana yin zaɓe a kan lokaci, ɗan takara ɗaya, takarda ɗaya, sakamako kusan ɗari bisa ɗari. Saurayin da ya karya tsarin fada shi ne ya gina wani tsarin da ya fi shi tsanani, kuma babu wani saurayi da ya sake samun ƙofar da shi ya samu. Gaskiya ce kuma, kada mu ɓoye ta, Garuwa ta ci moriyar wannan zamani: filin jirgin sama, masaƙar CICAM, hedkwatar kamfanin auduga na Sodecoton, madatsar Lagdo. Mutanen garin nan ba su ga dalilin ƙorafi ba, kuma ko sun gani babu wurin faɗa.

Ahijo ya sauka ranar 4 ga Nuwamba 1982, Paul Biya ya hau ranar 6. Ba a daɗe ba suka ɓata. A watan Agusta 1983 aka sauke Bello Buba Maigari daga firaminista, aka raba lardin Arewa gida uku, Garuwa ta daina zama babban birnin arewa duka. Sai yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984. Mu a lokacin muna almajirai 'yan shekara goma sha, abin da muke tunawa shi ne yadda iyayenmu ke rage muryar rediyo, da gidajen da aka ɗauke musu mutum ba a san inda yake ba, da zaman makoki da ake yi ba gawa. An harbe sojoji da dama, akasarinsu 'yan arewa, an ɗaure wasu shekaru ba tare da an same su da laifi ba. Cikin waɗanda aka ɗaure akwai wani injiniyan jirgin ƙasa ɗan Garuwa, Isa Ciroma Bakari, wanda ya yi wajen shekara 6 a kurkuku. Ahijo, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, kabarinsa yana can har yau.

Da wannan ciwo a zuci muka girma, kuma mu ne samarin 1992. Wannan shi ya sa ba ma iya kallon yaran yau da idon raini, domin mun taɓa tsayawa inda suka tsaya.

A watan Disamba 1990 aka halatta jam'iyyu da yawa. Shekarar 1991 ta zo da yajin da ake kira matattun birane, kasuwa a rufe daga Litinin zuwa Juma'a, hayaƙin taya a kan titi, jandarma a kowace mahaɗa. Biya ya ɗauko ɗan gidan sarautar Garuwa, Sadu Hayatu, ya naɗa shi firaminista a watan Afrilu, da fatan arewa za ta lafa. Ba ta lafa ba. Bello Buba ya dawo daga gudun hijira a Najeriya a watan Agusta, a farkon Janairu 1992 kuma babban taron jam'iyyar UNDP da aka yi a nan Garuwa ya ɗora shi a kan shugabanci a madadin Samuel Eboua. Mun bi motocinsa a guje, mun manna hotuna, mun kwana a bakin rumfuna. Dattawanmu suka kira mu zaure suka ce Bahaushe ba ya shiga faɗan masu gari. Muka sunkuyar da kai muka ce to, gari ya waye muka koma inda muka fito.

A zaɓen 'yan majalisa na 1 ga Maris 1992, wanda SDF ta John Fru Ndi ta ƙaurace wa, RDPC mai mulki ta sami kujera 88 cikin 180, UNDP ta sami 68, UPC 18, MDR ta Dakole Daisala 6. A lura da wannan lissafi da kyau. Jam'iyya mai mulki ta rasa rinjaye, kuma ƙuri'ar arewa ce ta jawo haka. Amma kujeru 6 na MDR, waɗanda suka fito daga Arewa Mai Nisa, daga al'ummomin da ba Musulmi ba kuma suke tsoron dawowar mulkin Fulani, su ne suka koma wajen Biya suka cika masa 94. Arewa ta kayar, arewa ta tayar. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Oktoba aka ba Biya kusan kashi 40 cikin ɗari, Fru Ndi kusan 36, Bello Buba 19. A ƙasar nan zagaye ɗaya ake yi, wanda ya fi yawa ya ci ko bai kai rabi ba. Mun sha kwana muna haɗa 36 da 19.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kashe mana gwiwa. Kafin shekarar ta ƙare, Hamadu Mustafa da Isa Ciroma suka karɓi minista ba da yardar jam'iyya ba, daga baya suka fita suka kafa tasu. A zaɓen ƙananan hukumomi na 1996 'yan adawa suka ci manyan birane, gwamnati ta naɗa wakilanta a saman zaɓaɓɓun. A 1997 kujerun UNDP suka sauko zuwa 13, jam'iyyar ta ƙaurace wa zaɓen shugaban ƙasa na watan Oktoba tana cewa babu adalci, sai ga shi a watan Disamba Bello Buba da kansa ya shiga gwamnati. Ya zauna a cikinta har 2025. A zaɓen 2002 kujera ɗaya tak UNDP ta tsira da ita. Da yawa cikin tsararrakinmu ba su sake yankar katin zaɓe ba tun daga wannan lokaci. Suka koma zaure suka ce wa dattawa, ashe kun fi mu gaskiya. Kuma da suka haifi 'ya'ya, abin da suka koya musu ke nan: ɗan siyasa da ƙuri'arka yake cinikin kujerarsa.

Shekarun da suka biyo na shiru ne, kuma ba za mu daɗe a kansu ba. An rage albashi a 1993, an karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, aikin gwamnati ya ƙafe, samari suka hau babur, wasu suka kama sayar da man zuwa-zuwa a kwalabe. A watan Fabrairu 2008, da Duwala da Yawunde suka kama wuta saboda tsadar rayuwa da shirin cire wa'adin mulki, arewa ba ta motsa ba, kuma a watan Afrilu aka cire wa'adin. Jam'iyya mai mulki ta riƙe Garuwa ta hannun manyan 'ya'yanta, irin su Marafa Hamidu Yaya, har shi ma aka kama shi a 2012. A zaɓen 2011 aka ba Biya kusan kashi 78, a 2018 kashi 71, kuma yankunan arewa uku, masu kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rajista, su ne rumbun da ake ɗiba. Lokacin kamfe a raba atamfa da shinkafa da 'yan kuɗin mai. Tsarin zaɓen ma yana taimakon mai saye, domin kowane ɗan takara da takardarsa: ka sa ɗaya a ambulan, sauran ka fito da su a aljihu ka nuna wa wanda ya biya ka.

Akwai kuma abin da ya fi shinkafa hana samari zaɓe, wanda aikinmu na magatakarda ya sa muka san shi ciki da waje, wato takarda. A Najeriya da Nijar ɗan shekara 18 yana zaɓe, a nan sai ya cika 20, alhali fiye da rabin mutanen ƙasar nan ba su kai 20 ɗin ba. Wanda ya kai kuma sai ya yi rajista, rajista tana son katin ɗan ƙasa, katin ɗan ƙasa yana son takardar haihuwa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Yaro nawa aka haifa a gida, aka yanka masa rago ranar suna, aka kai shi allo, ba wanda ya tuna da ofishin magajin gari? In ya girma sai an je kotu da shaidu a yanke hukuncin da zai maye gurbin takardar, ga kuɗi ga jeka-ka-dawo. Mu kuma muna da ƙarin kaya a kan na kowa. Mun taɓa raka wani yaro wani ofishi, kakansa a Hausare aka haife shi, kabarin kakan kakansa yana garin nan, ma'aikacin ya dubi sunan ya ji harshen ya ce, daga Kano ko daga Maraɗi? Sai da muka kawo wasiƙar dattijo da shaidu biyu. Irin waɗannan wasiƙu mun rubuta ba iyaka. Yaron da aka yi wa haka sau ɗaya, ko dai ya yi zuciya ya bar takardar har abada, ko kuwa ya riƙe katinsa kamar abin da ya ƙwato da hannunsa. A da kashi na farko sun fi yawa. Ƙasa mai mutum wajen miliyan 30, masu rajista a 2025 miliyan 8 ne da 'yan kai.

To me ya sauya? A ganinmu abubuwa ne suka taru a hankali. Rikicin Boko Haram ya datse hanyoyin fatauci da Borno tun wajen 2014. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayu 2023, zuwa-zuwa ya yi tsada, ɗan acaba ya ji a jikinsa tun kafin sati ya zagayo. An gyara filin ƙwallo na Rumde Ajiya don gasar Afirka ta 2022, an ba Garuwa jami'a a wannan shekara, amma wutar Lagdo tana ɗaukewa, kuma masu digiri daga Ngaundere da Marwa suna layi ɗaya da wanda bai taɓa shiga aji ba, suna jiran fasinja. Sannan ga waya. Mu da rediyo muka girma, sashen Hausa na BBC da gidan rediyon Kaduna, dattijo ya saurara ya fassara wa gida yadda ya ga dama. Yaran yau kowa da tasa tashar a tafin hannu. Sun ga yadda aka kayar da shugaba mai ci a Najeriya a 2015. Sun ga Senegal ta zaɓi Bassirou Diomaye Faye yana da shekara 44 a 2024, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa daga kurkuku. A gida kuma Cabral Libii ya yi ta kiran matasa su yi rajista gabanin zaɓen 2018, inda ya zo na uku da kashi 6. Da ɗan jarida Guibai Gatama ya tayar da ƙungiyar 'yan arewa miliyan goma a 2020, gwamnati ta haramta ta, amma maganar da ya tayar ta ci gaba da yawo a WhatsApp da Facebook: me arewa ta samu a ladan biyayyarta?

A ƙarshen Yuni 2025 Isa Ciroma ya ajiye muƙamin minista ya ce zai tsaya takara, bayan 'yan kwanaki Bello Buba ma ya fito. Hukumar zaɓe ta ELECAM ta ƙi karɓar takarar Maurice Kamto, wanda ya zo na biyu a 2018, magoya bayansa da yawa suka karkata ga Ciroma. A nan ne abin ya ba mu mamaki, har muka yi ta gardama da 'ya'yanmu bayan sallar isha'i. Muka ce musu, kun san ko wane ne wannan? Shi ne ya fara tsallakawa a 1992. Shi ne ya yi shekara 10 yana ministan watsa labarai, yana kare gwamnati a kan komai, har da bidiyon nan na 2018 da sojoji suka harbe mata da yara a Arewa Mai Nisa, ya ce ƙarya ne, daga baya kotun soja ta ɗaure sojojin. Ya haura shekara 75. Wannan ne ɗan takarar matasa? Wani ɗanmu, ɗan shekara 24, ya ce, "Baba, duk mun sani. Wanda gidansa ke cin wuta ba ya tambayar rijiyar da aka ɗebo ruwan." Wani ya ce tun da aka haifi mahaifiyarsa shugaba ɗaya ake yi. Muka lissafa, muka ga gaskiya ya faɗa.

Bambancinsu da mu a nan yake. Mu mun bi mutum, mun ɗauke shi magajin Ahijo, muna neman a mayar wa arewa abin da aka ƙwace mata, shi ya sa da ya juya muka karye. Su Ahijo labari ne a wurinsu, ba su da wani zamanin jin daɗi da suke begen ya dawo. Sun ɗauki ɗan takara kamar makami, kuma mun ji da kunnenmu suna cewa in ya ci amana shi ma za su tashi a kansa. Bello Buba, wanda muka yi wa gudu a bayan mota, kashi 2.45 ya samu. Haka kuma layin da ya raba arewa a 1992 bai yi aiki yadda ya saba ba. A tagogin azuzuwan nan mun ga ɗan Bahaushe da Bafulatani da Bafali da Batupuri, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, kafaɗa da kafaɗa, Fulatanci da Faransanci suna haɗa su. Babur ɗaya suke haya, jandarma ɗaya ke tare su a hanya.

Tun yammacin ranar zaɓe jita-jita ta bazu cewa za a kama Ciroma, samari suka kewaye gidansa a Marware, aka yi arangama da jandarmomi. Suka yi kwanaki suna gadin ƙofar dare da rana. Bayan kwana biyu ya fito ya ce shi ya ci, yana dogara da takardun sakamako da hotunan alluna da aka tattara, gwamnati ta ce doka ba ta ba kowa ikon faɗar sakamako ba sai Majalisar Tsarin Mulki. Ranar 27 ga Oktoba majalisar ta ce Biya, mai shekara 92, ya sami kashi 53.66, Ciroma 35.19. Ko a waɗannan alƙaluma na hukuma, Ciroma ne ya zo kan gaba a yankin Arewa da na Adamawa, abin da a 2018 ba wanda zai yi mafarkinsa. An rasa rayuka a Garuwa, cikinsu har da wata malamar makaranta, an rasa a Duwala da wasu garuruwa, kuma adadin da gwamnati ta faɗa bai kai wanda masu kare haƙƙin ɗan Adam suka faɗa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. An kama mutane da yawa. Ciroma ya tsallake iyaka, daga baya ƙasar Gambiya ta sanar cewa yana wurinta. Aka rantsar da Biya ranar 6 ga Nuwamba.

Ba za mu yi wa yaranmu fadanci ba. Cikin masu gadin ƙofar akwai waɗanda ba su da katin zaɓe, akwai waɗanda ba su kai shekarun zaɓen ba ma. An ƙona dukiyar da ba ta yi wa kowa laifi ba, an yaɗa hotunan ƙarya tare da na gaskiya, kuma wanda aka tsaya dominsa yana ƙasar waje, iyaye mata ne ke kai tuwo gidan yari. Sannan samarin da suka cika layi har yanzu ba su cika jerin 'yan takara ba. Doka ta yarda ɗan shekara 23 ya tsaya kansila ko ɗan majalisa, amma jerin sunaye shugabannin jam'iyyu ke rubuta shi, kuma shugabannin nan tsararrakin kakanninsu ne. Ahijo kujera ya nema wa kansa yana ɗan 22. Na yau har yanzu wa wani suke nema.

Amma mu ma dattawa da masu yi musu hidima akwai abin da ya wajaba mu faɗa wa kanmu. Shekara da shekaru manyan jam'iyya suna zuwa zaure, a shimfiɗa musu darduma, a yi addu'a, a yi musu alkawarin ƙuri'ar Hausawa kamar buhun gero ne a rumbu. A wannan karon an yi alkawarin, allo kuma ya nuna wani abu dabam, kowa ya gani a wayarsa. Girman dattijo bai ragu a idon yaran ba, suna durƙusawa su gaishe shi, suna kawo masa rigimar aure da ta gado, suna ɗaukar makara. Ƙuri'a kaɗai suka cire daga cikin abin da ake yi wa biyayya. Tsoron da ke zukatan manya kuma ba na banza ba ne: tsiraru ne mu, kuma ranar da abu ya ɓaci, ɗan Bahaushen da aka kama a zanga-zanga shi za a fara tambaya daga wace ƙasa ya zo.

Dattijonmu bai taɓa faɗa mana wanda ya zaɓa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Amma bayan ƙura ta lafa ya sa muka buɗe sabon littafi. Zaɓen 'yan majalisa da na kansiloli da ya kamata a yi a 2025 an ɗage shi, rajista kuma tana buɗewa kowace shekara daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta. Ya ce a bi gida gida a rubuta sunan duk yaron da ba shi da takardar haihuwa, namiji da mace, a nemo shaidu, a haɗa kuɗin kotu daga asusun unguwa. Wanda ke da irin wannan yaro a gidansa ya same mu a zaure bayan sallar la'asar, ya zo da katinsa da na mahaifiyar yaron, da mutum biyu da suka halarci sunan.